Kwanan wata a XML: me ya sa Nuwamba 2023 ya fito bayan Janairu 2024?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Agege nake, ina rubuta lissafin kaya a wani sito da ke Apapa. Bayanin kayan da suka shigo yana zuwa mana a fayil na XML, ana rubuta rana kamar haka: 05/11/2023. Na sa XQuery, harshen bincike a cikin XML, ya ware mini abin da ya shigo bayan 01/01/2024, sai ga kayan Nuwamba 2023 a ciki. Ina gizo yake saƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gizon yana saƙa ne a nau'in bayanin. Kai da ka kalli 05/11/2023 rana kake gani. Amma muddin ba a haɗa fayil ɗin da XML Schema da zai bayyana cewa wannan rana ce ba, kuma abin da ka gwada shi da shi rubutu ne, to XQuery harafi-harafi zai bi daga hagu. Sifili da sifili, kunnen doki. Biyar da ɗaya, biyar ta fi, shi ke nan ya yanke hukunci. Ko kusa da shekarar bai je ba.

Maganin shi ne ka juya ranar zuwa tsarin da xs:date ya sani, wato shekara, wata, rana, irin na ISO 8601 ($r a nan ita ce ranar da ke cikin fayil ɗin):

xs:date(concat(substring($r,7,4),'-',substring($r,4,2),'-',substring($r,1,2))) > xs:date('2024-01-01')

Idan ka miƙa wa xs:date 05/11/2023 kai tsaye, zai tsaya da kuskuren FORG0001. Ni wannan tsayawar alheri nake ɗaukar ta, domin ita ce za ta kama maka wanda ya rubuta 30 ga Fabrairu. Gara manhaja ta ƙi aiki da ta ba ka lissafin ƙarya, maigida ya biya kuɗin ajiya a kansa.

Ka buɗe fayil ɗin da idonka tukuna. In akwai inda aka rubuta 5/11/2023 babu sifili a gaba, yankan nan na substring zai goce, sai dai ka raba da tokenize. Sannan takardun da suka fito daga Amurka wata suke farawa da shi, 05/11 a wurinsu 11 ga Mayu ne. Wannan kuwa ba manhajar da za ta gane maka, sai ka tambayi wanda ya turo.

Masu tsohon XPath 1.0 na 1999, harshen zaɓo bayani a XML da ya riga XQuery, nasu ya fi ɓoyuwa. Shi bai san rana ba sam. Alamar > tana mayar da kowane ɓangare lamba, 2024-01-01 ta koma NaN, wato "ba lamba ba", amsa ta fito babu komai, kuma ba zai yi ko tari ba. A can sai dabarar translate, a cire karan tsakiya a bar 20240101. Daga XPath 2.0 na 2007 aka samu nau'in rana na gaske.

Tunda harkar tashar jirgin ruwa ce, ka kula da agogo idan kana amfani da xs:dateTime, nau'in da ke haɗa rana da lokaci. Legas +01:00 take, Sin +08:00. Takardar da aka buga 2024-01-01T03:00:00+08:00, a nan ƙarfe 8 na daren 31 ga Disamba 2023 ne. Idan ba ka rubuta +01:00 a naka ɓangaren ba, injin zai cike da agogon da aka saita masa, mai yiwuwa kuma ba na Legas ba ne.