Kilishin naki da furar kakarki

Ɗiyata, na ga saƙonki tun daren jiya, sai da na karanta shi sau biyu. Wai kin ɗauki niyyar barin kilishi a karem ɗin bana, azumin nan namu na Kirista na kwana arba'in, amma wata ƙawarki ta ce miki ran Lahadi ba ya cikin lissafi, to ko za ki iya ci ran Lahadi ki koma Litinin. Na yi murmushi gaskiya don na san ki da kilishi tun kina 'yar ƙarama, amma kuma daga baya sai na yi shiru, don na ga azumin bai ma kai ko'ina ba kin fara neman ƙofar baya.

Ƙawar taki ba ƙarya ta yi ba. In kin ƙirga daga Larabar toka, ranar da ake shafa toka a goshi a fara azumi, zuwa Asabar ɗin jajibirin Pak, idin tashin Yesu daga matattu, kwana 46 za ki samu, ki cire Lahadi 6 saura 40, kwanakin da Yesu ya yi a jeji. Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a ɗora mata azumi. Abin da ikilisiya ta wajabta ma kaɗan ne, azumi ran toka da Juma'ar da aka gicciye shi, sai barin nama kowace Juma'a ga wanda ya cika shekara 14. Shi kilishi ai nama ne, ran Juma'a dama ba naki ba ne. Sauran kwanakin ke kika ɗaura wa kanki, ba wanda ya sa ki.

Amma bari in ba ki labarin kakarki, ke ba ki riske ta da ƙarfinta ba.

A 1974 ina da shekara 14 cif, shekarar da dokar nama ta hau kaina ke nan, kuma ba a daɗe ba da muka taso daga Dogon Dutsi muka zauna nan Yamai. Shekarar yunwa ce. Damina ta ƙi shekara da shekaru, dabbobi sun mutu a arewa, Buzaye da Fulani suka yi ta kwararowa gari, aka tara su a Lazaret, lokacin nan wajen gari ne sosai ba kamar yanzu da gidaje suka cinye wurin ba. Nama kuwa wa ke maganarsa a gidanmu, in ka ce ka bar nama don karem ai ba ka bar komai ba. Abin da Inna take so a duniya fura ce. Furar hatsi da ta daka da hannunta, ta sa kimba da citta, ta dama da nono da azahar in rana ta take, ta zauna gindin bango ta sha da ludayinta ta ce alhamdu. Ran toka da muka dawo daga mes, wato sujada a majami'a, tokar na goshinta, ta ce mana ita da fura sai Pak.

To ni na ɗauka hutu ya zo mini, don ni ke taya ta daka. Ina! Washegari ta tashe ni ta ce ɗauko turmi. Na ce Inna ba kin ce kin bari ba? Ta ce sha na bari, ban bar daka ba. Ta ce abin da ka hana bakinka ya tashi daga naka, in ka ɓoye shi a ɗaki rowa ka yi ba azumi ba. Haka kullum za a dama furar nan daidai yadda take sha, ba ragi, a rufe ƙwarya da faifai, wani ya zo ya ɗauka ko a aike ni.

Ran wata Juma'a cikin watan Maris ta ce yau tare za mu je Lazaret. Kin dai san zafin Maris a garin nan, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, ƙwarya a kaina, ita tana gaba da zanenta ba ta ko waiwaye, kuma na san tun safe ba ta sa komai a ciki ba. A hanya da ta yi nisa kaɗan na sauke ƙwaryar na buɗe faifai na kurɓa sau biyu. Har yau ina jin sanyin furar nan a maƙogwarona kuma har yau abin yana ci mini rai. Da muka isa, mutane ko'ina, bukkoki na tabarma da tsumma, yara ba su ma da ƙarfin kuka. Inna ta nufi wata Buzuwa da ke zaune da yaro a cinya, gashinsa ya yi ja, wuyansa kamar sillen kara. Matar ba ta jin Hausa, mu ba mu jin nasu yaren. Inna ta durƙusa ta miƙa mata ludayi. Matar nan leɓɓanta sun tsattsage amma ba ta kai bakinta ba, ta riƙa ɗiga wa yaron kaɗan kaɗan tana jira ya haɗiye, sai da ya kau da kai sannan ta sha sauran, ta sa yatsa ta suɗe ƙwaryar tas. Ni kuma ina tsaye ina kallon inda furar ta kai a jikin ƙwarya kafin in taɓa ta, shatin yana nan a fili.

Inna ta gani. Ba ta ce uffan ba sai da muka kusa gida, ta ce ɗiyata yau kin ga mai furar da kika sha. Shi ke nan, ba duka ba zagi. Daga nan muka wuce hanyar gicciye, addu'ar tuna wahalar Yesu, da marece, na yi ta kuka a majami'a mutane suna tsammani don wahalar Yesu ne.

Kuma ko ran Lahadi ba ta sha ba. Fada ma ya gaya mata ba laifi, ta ce ta sani, amma yaron can cikinsa bai san Lahadi ba. Pak ta faɗo 14 ga Afrilu, ta sha furarta bayan mes tana dariya, gari na wayewa Litinin muka ji sojoji sun kifar da Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau. Shi ya sa ba na mance shekarar.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, kuma ba ke kaɗai ba, tun ran toka kowa ya ɗauki hoton goshinsa ya sa a WhatsApp, wannan ta rubuta ta bar shayi, waccan ta bar Facebook tana kuma sanarwa a Facebook ɗin. Alhali a ranar nan ake karanta mana Matta sura 6, in kana azumi ka shafa mai ka wanke fuska kada mutane su gane. Wasu ma don su rage ƙiba suke yi. Wata ta bar nama ran Juma'a ta je bakin kogi ta sayi kifi mai tsadar da ya fi naman. Mu ma da laifinmu, ba mu zaunar da ku mun gaya muku ba, muka bar wa lakwal da katekis.

Ki lissafa mini kilishin nawa kike ci a sati, jikka ɗaya ne ko biyu, ki gaya mini inda kuɗin za su. Akwai tsohuwar nan ta bayan gidanku da jikokinta uku, tiyar hatsi za ta yi musu kwana. Maganar Lahadi kuma ki zo gida bayan mes mu zauna, ludayin kakarki yana nan wurina in nuna miki. Ki gaida mamanki, ki ce mata ƙafar da sauƙi.