Yaya sojoji ke atisaye a inda ake kare namun da suka kusa ƙarewa?

Malam, ka tambaya ko zai yiwu a yi ta harba igwa a daji ɗaya da tsuntsun da doka ta ce kada a taɓa shi. Yana yiwuwa, sai dai da jan aiki.

Duba sansanin Fort Bragg a jihar Karolina ta Arewa, Amurka. Akwai wani irin maƙwaƙƙwafi a wurin da ba ya haƙa gidansa sai a tsohon itace mai rai, kuma ramin kan ci masa shekaru. Dokar kare halittun da suka kusa ƙarewa ta 1973 ta hau kan sojoji ma. A 1990 hukumar kula da namun daji ta ce atisayen na barazana ga tsuntsun. Sai aka shafa wa itatuwan gidajensa farin fenti, aka taƙaita zirga-zirgar motocin yaƙi da haƙa ramuka kusa da su. Kwamandoji ba su ji daɗi ba, kuma a ganina suna da hujja: abokin gaba ba ruwansa da fenti.

Abin mamakin shi ne, dajin nan da gobara yake rayuwa. Wutar da harsasai ke tayarwa tana cinye sarƙaƙiya, ta bar sararin da tsuntsun yake so, wanda kuma shi sojan ƙasa ke buƙata. Don haka ake cinna wa dajin wuta da gangan, kusan duk shekara 3, ana kuma saka wa itatuwa ramukan da aka ƙera.

Da tsuntsayen suka ƙaru, aka sassauta takunkumin. A 2024 gwamnati ta rage matsayin haɗarin da suke ciki.