Kunnen mawaƙi, kuɗinka: amsa ga mai sono a Damagaram

Wani ƙanena mai ba da hayar kayan sauti a unguwar Zango, nan Damagaram, ya rubuto mini. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Yaya, shekarata 7 ina harkar sono. Ina da bafil 6, ampili 2, miksa da gurup, da ɗan situdiyo ɗaki ɗaya. Na tara sefa miliyan 3 da rabi. Mawaƙa biyu da nake wa aiki sun ga irin ekutar da manyan mawaƙan waje ke sawa a kan dandali, wadda ake zubawa daidai da ramin kunnen mai ita. Sun ce in sayo musu da kuɗina, su riƙa biyana kaɗan-kaɗan in an yi biki. Zan ɗora jika 300 a kan kowace. In aka gan su da ita, mawaƙan Maraɗi da Agadas ma wurina za su riƙa zuwa. Wacce ta fi daɗin sauti, 64 Audio A12t mai ƴan lasifiku 12, ko A18t mai 18, ko in koma wajen JH Audio?"

Ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka. Zan gaya maka abin da na sani game da sautin tunda shi ka tambaya, amma ba can ciwon yake ba. Ciwon yana cikin jimla guda da ka rubuta ka wuce kamar ba komai: da kuɗinka za ka saya, a kunnensu za a zuba.

Ka tsaya ka duba yadda ake yin abin nan. Mawaƙi zai je wurin likitan kunne, a tura masa ɗan toshi can ciki don kare dodon kunne, a ɗura wata roba mai laushi, ya cije wani abu bakinsa a buɗe har ta daskare. Wannan zubin ake aika wa kamfani a Amurka, su ƙera kwanson da zai shiga wannan kunnen kaɗai. Ba ya shiga kunnen ƙanen mawaƙin da suke uwa ɗaya uba ɗaya. Na damansa ma ba ya shiga hagunsa. Kenan ranar da kwalin ya iso hannunka, kayan da ka biya miliyan 1 da jika 800 mutum ɗaya tak ne a duniya zai iya saya, kuma shi wannan mutumin ya san haka sarai. Wa ke riƙe da wuyan wani a wannan ciniki?

Bafil in ka saya, wanda ya yi alkawarin haya ya noƙe, gobe wani ango zai zo. In talauci ya matsa ka kai shi kasuwar Dole ka sayar, ka yi asarar kashi 20 ko 30 cikin ɗari ka huta. Wannan shi ne jari. Ekutar da aka zuba a kunnen wani kuwa ƴar'uwar haƙorin roba ce. Ka taɓa ganin wanda ya kasa haƙoran wani a tire yana jiran mai saye? A ƙasashen da ake yin ta akwai masu fasa kwanson su sake zuba wani, amma sai an biya ladan aikin, an sake awon kunne, an sake aikawa, kuma farashin ta hannu ya riga ya faɗi warwas tun kafin a fara. Daga Damagaram wannan hanya ba ta fisshe ka.

Bari in ba ka labarin wani da na sani, mai buga riguna da huluna. Lokacin wani zaɓe ɗan takara ya aiko yaransa, aka ce a buga riguna 2,000 da fuskarsa, kuɗi na nan tafe bayan taron gangami. Mutumin nan ya je Kano ya ɗauko farar riga bashi, ya kwana uku bai runtsa ba. Kwana biyu kafin taron jam'iyya ta sauya ɗan takara. Da farar riga ce a ɗakinsa da ya sayar ya biya mutanen Kano ko da ba riba. Amma ya riga ya manna mata fuskar mutum. Ya bi gidan ɗan siyasar nan har takalminsa ya cinye, kullum "Alhaji ya tafi Yamai". Ƙarshenta masu wankin mota ne suka saye su a matsayin tsumma. Ya sayar da injinsa ɗaya kafin ya fita bashin, kuma har yau in ka je da aikin da za a sa suna ko hoto, kafin ka gama sallama zai ce maka, kafin alƙalami fa? Shi ko tela na bakin titi ya san wannan: ba ya yanka shadda da kuɗinsa a kan awon wani.

Su kuma masu biyanka kaɗan-kaɗan, daga ina kuɗin zai fito? Daga liƙi. Ka fi ni sanin cewa liƙi yana da kaka yana da rani. Ana ta ɗaurin aure gab da azumi, azumi ya kama a naɗe tabarma wata guda cur. Damina ta sauka kowa hankalinsa na gona. A wasiƙarka ba ka ce ko jika 50 ɗaya daga cikinsu ya ajiye ba. Ba ka ambaci takarda ba, ba ka ambaci shaida ba. Mutumin da ba ya iya ajiye rabin kuɗin abin da yake mafarki, ba a bakin kuɗin abin yake ba, kai ne kake so ka ɗauke shi ka ɗora. Ba na cewa macuta ne. Mutanen kirki ma suna yin rashin lafiya, suna ɓatawa da mai sono a kan jika 10, suna komawa Kano neman suna a Kannywood su bar ka da lambar da ba ta shiga. In bafil ne ka je da kabu-kabu ka ɗauko abinka. Wannan ko ka ƙwato me za ka yi da ita?

To, ga sautin.

Abin ba ƙarya ba ne, kada ka ce na raina shi. Wani injiniyan sauti Ba'amurke, Jerry Harvey, shi ya haɗa wa makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen irin wannan a 1995, saboda ƙarar dandali ta hana makaɗin jin ƴan'uwansa. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali, daga baya Harvey ya kafa JH Audio da kake magana. Ƴan lasifikun da ke ciki ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa zuwa ta wake, asalinsu na na'urar taimaka wa masu matsalar ji ne, kuma kamfanoni biyu, Knowles na Amurka da Sonion na Danmak, su ke ƙera wa da yawa daga cikin masu manyan sunayen nan. Ana raba musu aiki: wasu su ɗauki ƙasa, wato sauti mai kauri, wasu murya, wasu sama, wato sauti siriri. Babban amfanin ekutar zubi shi ne toshewa. In ta zauna daram tana rage hayaniyar waje da wajen desibel 26 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), sai mawaƙi ya ji kansa ba tare da ya ƙure ƙara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masana lafiyar kunne sun ce desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a yini, desibel 100 kuwa minti 15 ya isa ya fara ɓarna. Kai da kake tsayawa gaban bafil tun la'asar har sha biyun dare, in kana jin wani "tsiii" a kunne lokacin kwanciya, ka san me nake nufi.

Amma yawan lasifiku ba shi ne daɗin sauti ba, kamar yadda yawan maroƙa ba shi ne daɗin biki ba. Yadda aka daidaita su shi ne magana. A12t tana da ƙasa mai kauri da sauti mai natsuwa wanda ba ya gajiyar da kunne, shi ya sa makaɗa ke son ta. A18t ta fi fito da ƙananan abubuwa na sama, irin wanda mai haɗa waƙa a situdiyo ke nema. Ta farko wajen dalar Amurka 2,000 ce, ta biyu wajen 3,000. (Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba, kada wani ya karanta ya ruga kasuwa.) In ka ƙaddara dala a sefa 600, miliyan 1 da jika 200 kenan da miliyan 1 da jika 800. Bambancin jika 600 da ke tsakaninsu, a ɗaki shiru, da waƙar da aka ɗauka da kyau, kunnen da ya saba zai ji shi. A filin biki, gurup na ruri a baya, mata na guɗa, yara na bin igiya da gudu, wallahi ko wanda ya ƙera su sai ya yi da gaske.

A nawa kunnen, tsanin kamar haka yake. Daga ekutar jika 2 ta bakin tasha zuwa KZ ta ƴan Sin mai jika 12 ko 15, sama da ƙasa ne. Daga nan zuwa Shure SE215, wadda take wajen dala 100, za ka samu toshewa mai kyau da ƙwari da igiyar da ake sauyawa in ta tsinke. Daga dala 100 zuwa 500 akwai ƙari na gaske, ana ji. Daga 500 zuwa 2,000 kuwa kuɗi gudu yake, daɗi na rarrafe. Abin da ake saye a can sama rabi sauti ne, rabi jin daɗin zama a kunne na awa huɗu, sai kuma sunanka da aka rubuta a jikin kwanso.

Sannan ekutar ba ta gyara abin da aka zuba mata. Abin da miksarka ta aika shi za ta faɗa, kuma mai tsadar ta fi iya tona asiri: duk wani "zzz" na gurup da tsohuwar igiya sai ta kai shi tsakiyar kan mawaƙi. Kuma da me za ka aika sautin? Ba ka sa kuɗin na'urar aikawa marar igiya a lissafinka ba. Sennheiser EW IEM G4 ita kaɗai ta kai wajen dala 1,000 kowane mutum. Kuɗinka sun ƙare tun a kwali biyu da jirgi da duwan.

Akwai kuma abin da na tabbata ba ka tambayi kanka ba. Wa ke biyanka a biki? Uban amarya ko abokan ango. Su bafil suke ji. Ba wanda zai ƙara maka jika 5 don mawaƙi yana jin kansa garau a cikin kunne. Balle mawaƙan namu da yawa waƙar tana cikin filashi, bin ta suke da baki suna rawa. Wanda ke bin filashi me zai yi da lasifiku 18, in ba don hoton TikTok ba?

Batun mawaƙan Maraɗi da Agadas su yi layi a ƙofarka, ka bar wa ƴan fada su tattauna a bakin shayi. Mutum nawa ne a duk faɗin Nijar za su fitar da miliyan su sa a kunne? Ka ƙirga da yatsunka, in ka cika hannu biyu ka kira ni. Kuma kowane ɗaya sai ka nemo masa likitan da ya iya ɗaukar awo, ko Yamai mai nisan wajen kilomita 900, ko Kano mai wajen 240. Kano kusa ce, amma ba ka manta ba iyaka ta rufe tun Agustan 2023 sai Maris 2024 aka buɗe. In zubin bai yi kyau ba kamfani ya ce a sake. In kayan suka iso suna matse kunne ko iska na shiga, sai an mayar Amurka, kuma wa'adin gyara kyauta gajere ne, galibi wata guda ko sama kaɗan. Mutum ya yi ƙiba ko ya rame sosai, zaman ya sauya. Ga gumin bazara, ga ƙurar hunturu, ga dattin kunne da ke toshe ƴan hanyoyin sautin. Duk ranar da ɗaya ta yi shiru, ba Amurka mawaƙin zai kira ba, kai zai kira, kuma biyan wannan watan ya tsaya kenan har sai ta dawo. Jika 300 ɗin da kake kira riba, tafiya ɗaya da dawowa ta cinye rabinta.

Da ni ne kai, zan ware jika 500 zuwa 600 kawai. In sayi SE215 guda 4, KZ guda 3 na ko-ta-kwana, ƴan akwatunan ɗamara masu igiya da ke kai sautin miksa zuwa ekutar, irin Behringer P2, don mai piyano da mai ganga da ba sa yawo, da na'urar aikawa marar igiya Xvive U4 ɗaya, wajen dala 230, don mawaƙin da ke zagaya fili. Sai robobin baki jaka guda, manya da ƙanana, kowa a sa masa sabuwa, don ba mai son dattin kunnen wani. Waɗannan suna shiga kunnen kowa, ka ba da haya yau ka ba da gobe, ka ɗora jika 5 ko 10 a kan kuɗin sono, in ka gaji ka sayar. Ka buɗe musu shafi nasu a littafi, wata 6 ka ga ko sun mayar da kuɗinsu. Sauran miliyan 3 ɗin ka duba gurup ɗinka da igiyoyinka tukuna, don mai sono ba ya mutuwa saboda ekutar, yana mutuwa ne ranar da wuta ta ɗauke ana tsakar kamu gurup ya ƙi tashi.

Su kuma mutanenka biyu, kada ka yi musu gardama, kada ka ce abin ba shi da kyau. Ka sa musu SE215 a biki uku su ji. Wanda har yanzu ransa ke kan ta zubi, ka ce madalla, kai dillali ne: ya kawo kuɗin kaya da na jirgi da na duwan cif, da hannunsa, a rubuta a gaban mutum biyu, kai kuma la'adarka kashi 10 cikin ɗari, gyara da mayarwa a wuyansa. Kuma ka nuna masa cewa kamfanonin nan suna da ƙananan samfura masu lasifiku 2 ko 3 a wajen dala 500 zuwa 700, toshewarsu ɗaya da ta miliyan biyu, don kwanson iri ɗaya ne. In ya ji sharaɗin ya ce zai yi shawara, ka ce Allah ya kai mu, ka ci gaba da naɗe igiyarka.