Tallan babur da ke bin ka ko'ina

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka duba farashin babur a wani shafi kana Garwa, tallansa yake bin ka har Facebook, kana zargin wayarka tana sauraronka. Galibi aikin kukis ne: ɗan rubutu da shafi yake ajiyewa a burauzarka (manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita), ɗauke da lambar da ake gane ka da ita. Tun 1994 ake amfani da su, kuma wasu na da amfani, su ne suke tuna ka shiga asusunka.

Masu damuwar su ne na kamfanonin talla. Kamfani ɗaya yana laɓe a shafuka da yawa, sai ya haɗa yawonka wuri guda: babur, magani, har neman bashi.

Burauzoji irin su Firefox da Safari suna toshe irin waɗannan kukis da kansu. A Chrome kai za ka kashe su a saiti. Kuskuren da na fi gani shi ne danna "amince da duka" ba a karanta ba idan shafi ya nemi izinin ajiye kukis, ni ma na sha yi. Goge kukis kuma ba ya hana Facebook sanin abin da kake yi a cikinsa.

In kuwa kuɗi ne suka ɓace a wayarka, wannan ba kukis ba ne, garzaya ofishin kamfanin layinka.