Filin Lafiya: Me Ya Sa Ake Daɗewa a Ɗakin Gaggawa?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato zaman jira a ɗakin gaggawa na asibiti, wanda aka fi sani da imajensi. Damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, hanyoyin karkara sun ɓaci. Mun zaɓi guda biyar, likita da nas da ungozoman da ke kula da wannan fili suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai ɗana ɗan shekara uku wani asibiti da zazzaɓi. Tun hantsi muke kan benci, ba a kira mu ba sai bayan la'asar. Mutum uku da suka zo bayanmu aka shigar da su a kan idona. Sanayya ce ko me? Daga wani manomi, ƙasar Gwaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa yaro lafiya. Ba za mu ce maka babu sanayya a asibiti ba, akwai ta, kuma laifi ce. Sai dai ɗakin gaggawa ba kamar layin injin niƙa yake ba, inda wanda ya riga ajiye kwano shi ake fara niƙa wa. Ana raba marasa lafiya gida uku. Na farko su ne waɗanda 'yan mintoci za su iya raba su da rai: mai jijjiga, wanda ya suma, wanda numfashi ya gagara, mai zubar da jini, yaron da gudawa ta tsotse har idonsa ya faɗa. Na biyu kamar jaririn da bai kai wata biyu ba, ko mai ƙuna, ko wanda ya sha guba, ko wanda aka turo da takarda daga ƙaramin asibiti. Sauran su ke jira.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a asibitoci da yawa babu ma'aikacin da ke bakin ƙofa yana wannan tantancewa. Sai uba ya bi layin yankar kati da yaron da bai kamata ya jira ko minti biyar ba. Saboda haka ka zama idon nas. Ɗaga rigar yaro, ka duba agogon wayarka, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60. Duba ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska. Buɗe tafin hannunsa ka haɗa da naka. In nasa ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, amai da duk abin da ya shiga ciki, kasa kama nono, kasa zama, kowanne daga ciki ya isa ka tashi daga benci.

In ka tashi, kada ka ce "Malama, mun daɗe." Kowa a wurin ya daɗe. Ka ce, "Malama, yaron nan ya yi jijjiga sau biyu tun asuba, yanzu ba ya iya shan ruwa." Wannan maganar ita ke sauya masa layi. Yaron da aka ce ya jira da safe yana iya rikicewa kafin azahar, don haka babu laifi ka koma sau biyu ko uku.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yaron da ya yi shiru. Mai tsala kuka yana da sauran ƙarfi. Wanda ya lafe a bayan uwa, ana cewa barci yake, ana ɗaga hannunsa yana faɗuwa yaraf, shi ne ake yawan rasawa a kan benci. A riƙa sauko da shi ana tashinsa. In bai buɗe ido ya dube ku ba, a shiga da shi ko ba a kira ba.

Kafin a zo kanku, a ci gaba da ba shi nono da ruwa, a rage masa tufafi masu nauyi. In jijjiga ta taso, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, a lura da tsawon lokacin da ta ɗauka. Ku taho da kwalayen maganin da kuka saya a kemis, ku faɗi ƙarfe nawa aka ba shi.

Wani jinkirin kuma ba naka ba ne, ba na nas ba. Sau da yawa likita ɗaya ke riƙe da imajensi da ɗakunan kwanciya da ɗakin tiyata. Ya shiga fiɗar haihuwa, awa guda ta tafi. Amma gwajin zazzaɓi na tsinke minti 15 zuwa 20 yake ɗauka, in awanni suka wuce ka tambaya. Idan zazzaɓin mai tsanani ne, allurar artesunate uku ake yi aƙalla: nan take, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan ƙwayoyi na kwana uku. Don Allah kada a tattara tabarma bayan allurar farko don an ga yaro ya nemi koko.

Tambaya: Matar ƙanena ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata. Mun isa asibiti da dare aka ce sai an ƙara mata jini, amma ba a ɗaura ba sai wajen asuba. Me ke cikin ƙarin jini da zai ci dare guda? Daga wata uwa, yankin Tudun Wada, Kano.

Amsa: Sannu, Hajiya, Allah Ya raya abin da aka samu. Ledar jini ba kamar ledar ƙarin ruwa ba ce da za a ɗauko a kanta a rataya. Sai an ɗebi jinin mai jego an auna yawansa, an gano rukuninsa. Sai an auna mai bayarwa, an gwada jininsa don cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Ɗibar leda ɗaya, kimanin mililita 450, takan ci minti goma zuwa sha biyar. Daga nan a haɗa jinin biyu a ɗakin gwaji a ga ko sun karɓi juna, wanda shi kaɗai yakan kusa cin awa. In komai ya tafi daidai, awa biyu zuwa uku ke nan. Jinin da bai dace ba yana iya kashe mutum, shi ya sa ba a tsallake matakan nan sai in rai ya zo wuya.

Abin da ke mayar da awa uku dare guda shi ne neman mai bayarwa. Asibitin da ba shi da tsayayyiyar wuta ba ya iya ajiye jini a firji, sai dangi. Ƙarfe ɗaya na dare ake buga waya ƙauye, a zo da mutum biyu, ɗaya jininsa bai dace ba, ɗaya ya ji tsoro ya zille. Maganin wannan tun wajen awon ciki ake yin sa. Mace ta san rukunin jininta, a rubuta a katinta. Kafin wata na takwas a tsayar da mutum biyu ko uku masu lafiya, masu shekara 18 zuwa 65, nauyinsu ya kai kilo 50, a ajiye lambobinsu. An fi so kada a ƙara wa mace jinin mijinta in tana sa ran sake haihuwa, amma yana iya bayarwa a musanya da wani. Maganar cewa ba da jini yana karya namiji kuwa ba ta da tushe. Ruwan jinin da aka ɗiba yana komawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sauran cikin makonni.

Lokacin da ake neman jini bai kamata mai jego ta kwanta haka nan ba. Ya kamata ki ga ana murza mata mara, an yi mata allurar tsuke mahaifa, an ɗaura ruwa, an duba ko mabiyiya ta fita duka ko akwai yagewa. Akwai allurar tsayar da jini, tranexamic acid, wadda amfaninta yake cikin awa uku na farko bayan haihuwa. In ba ki ga ana yin komai ba, ki nemi ungozoma ki tambaya.

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Da zarar zani ya jiƙe sharkaf cikin ɗan lokaci, ko jiri ya kama ta, a kama hanya. A mota a ci gaba da murza ƙasan cibiya har ya yi tauri, a sa mata jariri a nono, a lulluɓe ta. Kada a ja cibiya da ƙarfi in mabiyiya ta maƙale. Sannan maigidan da zai yi tafiya ya bar izini a fili cewa a kai ta asibiti, a yi mata duk abin da likita ya ce. Jiran a samo shi a waya kafin a sa hannu a takardar tiyata ya ci rayuka da yawa, alhali mace baliga mai hankali tana da ikon sa hannu da kanta.

Tambaya: Abokina ya yi hatsarin babur, muka kai shi jina-jina, aka ce sai mun biya kuɗi mun kawo takardar 'yan sanda. Haka doka ta ce? Daga wani matashi, Ringim.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ko wanda aka harba da bindiga, dokar 2017 ta wajabta a fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, balle mai hatsarin hanya. Dokar ba ta ce jinya duka kyauta ce ba. Ta ce a ceto rai tukuna, lissafi ya biyo baya.

In kun ci karo da irin haka, ku nemi nas mai riƙe da ɗakin, in ba a dace ba ku nemi mataron ko likitan da ke bakin aiki. Ku yi magana da sanyin murya, amma kada ku janye. Zagi da cin kwala suna janye ma'aikata daga kan mara lafiyarku ne kawai. Ku raba aiki: ɗaya ya tsaya da shi, ɗaya kati, ɗaya sayen safar hannu da zaren ɗinki in babu a asibitin. Kowane kuɗi a karɓi rasit. Bayan ƙura ta lafa, a rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa, a kai wa shugaban asibitin. Asibitocin tarayya suna da teburin ƙorafi na SERVICOM, na jihar Kano suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci, a Jigawa ana iya kai wa Ma'aikatar Lafiya a Dutse. Masu hali kuma su yi rajistar inshorar lafiya tun suna ƙalau, a hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa.

A wurin hatsari, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a naɗe shi a kan babur. A shimfiɗe shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin mai shiga tiyata ana son ya yi awa shida bai ci ba. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce.

Tambaya: Mun jira awa biyu, sannan aka ce babu gado, mu wuce gaba. Ba wulaƙanci ba ne? Daga wani dattijo, Gumel.

Amsa: Baba, barin ku awa biyu kafin a faɗa muku kuskure ne. Turawar kanta kuwa wani lokaci ita ce gata, domin wurin da babu ɗakin tiyata ko jini ko iskar oksijin, zama a cikinsa ɓata lokaci ne. Sai dai kada ku fita hannu rabbana. Ku karɓi takardar da ta nuna awon jininsa, da maganin da aka ba shi, da lokacin. A ɗaura masa ruwa in yana buƙata, a tsayar da jini, a ɗaure karaya. Ku roƙi a buga waya can a tabbatar akwai gado, a kuma faɗa muku sunan asibitin, ko Rasheed Shekoni ne a Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu, ko na Murtala da na Malam Aminu Kano a birnin Kano, ko na ƙashi da ke Dala. Yaron da bai kai shekara shida ba mai zazzaɓi mai tsanani, akwai artesunate na matsi da ake sa masa ta dubura kafin a kama hanya; ku tambaya ko akwai.

Tambaya: Maciji ya sari yayana a gona. A asibiti aka ɗebi jininsa a kwalba aka ajiye, aka bar mu zaune. Me ake jira? Daga wata matar aure, Sumaila.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan zaman gwaji ne. Ana zuba jinin a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. In ya daskare, dafin bai lalata jinin ba tukuna, za a sake gwadawa nan gaba. In yana gudu kamar ruwa, alamar dafin irin na kububuwa ce, maganin dafi ake ɗaurawa ba jira. Ko bai nuna komai ba, a bari a lura da shi awa 24, domin dafi yakan yi jinkirin bayyana. Ku kuma ku sa ido: jini daga dasashi, kumburin da ke hawa sama, fatar ido tana rufewa, yawu yana zuba, wahalar haɗiya, duk a sanar nan take. Daga gona kada a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da takalmi, a ɗaura wa ƙafar sanda kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauko shi, kada ya taka da kansa. In da hali, a buga waya tun daga hanya a ji ko asibitin yana da maganin dafi a ajiye, domin ba kowanne ke da shi ba.