Diklofenak ba ƙanen farasitamol ba ne

Wai tunda duk maganin ciwon jiki ne, me ya sa nake hana ka miƙa diklofenak in farasitamol ya ƙare? Wata bakwai kana shagon nan, sai yau ka tambaya? Da kana ajiye wayar nan da tuni ka sani.

Duk inda jiki ya ji ciwo, yakan fitar da wani sinadari, furostagalandin, shi ke kawo zogi da kumburi. Diklofenak da ibufurofen da asfirin hana jiki yin sa suke yi. To sinadarin nan dai shi ke sa tumbi ya yi yauƙin da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci, shi ke taimakon jini ya isa ƙoda. Ƙwaya kuwa ba ta san gwiwa kaɗai aka aike ta ba.

A kan wannan na rasa babur ɗina. Wani ɗan dako ya zo yana dafe da ƙugu. Na ce, "Malam, kana da olsa?" Ya rantse bai taɓa yi ba. Na ba shi diklofenak kati ɗaya, na ce sai ya ci abinci. Ashe ya biya wani kemis ya ƙaro ibufurofen, yana haɗa su da asuba da baƙin shayi, ciki wayam. Kwana biyar bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ya fara aman jini. 'Yan'uwansa suka taho da ɗan sanda da katina a hannu, na ɗaya shagon kuwa an jefar. Ni na biya gado, ni na biya jini leda biyu. A asibiti matarsa ta ce shekara uku yana shan maganin olsa. Ya warke, har yau ta gaban shagon nan yake wucewa, ko sallama.

Farasitamol a ƙwaƙwalwa ya fi aiki: ya sauke zazzaɓi, ya rage zogi, kumburi kuwa ba ruwansa. Tumbi bai dame shi ba, hanta ce ke shan wahalarsa. Babba kar ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana ɗaya, kuma ka duba bayan maganin mura, yawanci yana ciki. Na yara, wannan ko makaho ya karanta a kwalba.

Ga wata can ta shigo da goyo. Tashi, kuma ka tambaye ta me ta riga ta ba shi.