Amsar tambaya kan fim ɗin The Exorcist

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na ga tambayarka, wai da gaske ne aljanu sun addabi waɗanda suka yi fim ɗin The Exorcist, kuma wai mutane sun riƙa suma a sinima. Bari in amsa maka da murya, rubutu zai yi tsawo.

Maganar suma dai gaskiya ce. Fim ɗin ya fito a Amurka ranar 26 ga Disamba 1973, mutane suka yi ta bin dogon layi cikin tsananin sanyi, a ciki kuma wasu suka sume, wasu suka yi amai, wasu suka fice ba a gama ba. Labarin wata yarinya ce da aljani ya shiga jikinta. To amma da yawansu ba wurin da kan yarinyar ke juyawa baya ne ya kayar da su ba, wurin asibiti ne. An kwantar da ita, likita ya soka mata allura a jijiyar wuya, jini ya yi tsartuwa, uwarta tana leƙe ta bayan gilashi, ba abin da za ta iya yi mata. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗansa, aka yi gwaji, aka sake gwaji, likitoci suka ce ba su ga komai ba, ya san wannan tashin hankalin. A ganina nan ƙarfin fim ɗin yake, shi ya sa har yau bai tsufa ba.

Asalinsa littafi ne da William Peter Blatty ya fitar a 1971. Iyayensa 'yan Labanan ne, kuma yana ɗalibi a Jami'ar Georgetown a 1949 ya ji labarin wani yaro da limaman Katolika suka yi wa addu'ar fitar da aljani, kamar dai yadda mu za mu ce ruƙiya. Sai ya mayar da yaron yarinya 'yar shekara 12 mai suna Regan. Shi ya rubuta fim ɗin da kansa, William Friedkin ya ba da umarni. Af, ka lura idan za ka kalla, da kiran salla fim ɗin yake buɗewa, domin a Iraki aka ɗauki farkonsa, a kufan Hatra da ke yankin Mosul.

Yanzu batun aljanu a wajen ɗauka. Eh, gobara ta cinye gidan da aka gina don fim ɗin, aiki ya tsaya makonni. Eh, ɗan wasa Jack MacGowran ya rasu a farkon 1973, amma mura mai tsanani ce ta yi ajalinsa. Wahalar da aka sha kuwa, wallahi hannun mutum ne ya jawo ta. Friedkin so yake komai ya zama na zahiri. Ɗakin yarinyar, injinan sanyi aka kafa masa har ya fi firji sanyi, don kyamara ta kama tururin bakin mutane, ita kuma Linda Blair, wadda ta fito a yarinyar, tana kwance da 'yar rigar barci kawai. Yakan harba bindiga ba zato don a ga firgita ta gaske a fuskar ɗan wasa. Ellen Burstyn, wadda ta fito a uwar, an ɗaura mata igiya aka fizge ta da ƙarfi ta bugu da ƙasa, ta ji ciwo a gadon baya, kuma ihun da ka ji a fim ɗin ihun ciwon ne, shi aka bari. Wannan yana min ciwo, gaskiya. Duk kyan fim, bai kai a nakasa mutum ba.

Akwai kuma baiwar Allah da ba a cika ambata ba, Mercedes McCambridge. Muryar aljanin nan da ke sa tsigar jiki tashi, tata ce. Ɗanyen ƙwai ta riƙa haɗiya, tana zuƙar sigari ba ƙaƙƙautawa don muryar ta dushe, har ɗaure ta aka yi a kujera tana magana tana kokawa da ɗaurin. Da fim ya fito babu sunanta, sai da ta tayar da ƙayar baya aka sa.

Karɓuwa kam ya samu. Ya shiga takarar Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a rukuni 10, ya ci 2, na rubutu da na sauti, kuma shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da ya shiga takarar gwarzon fim na shekara. A Birtaniya kuwa an janye kaset ɗinsa daga kasuwa a 1988, bai dawo ba sai 1999.

Idan za ka nema, akwai wanda aka sake fitarwa a 2000 da ƙarin wasu wurare, amma ni na fi son ka fara da na 1973. Kuma don Allah kar ka kunna shi a gaban yara, akwai munanan kalamai da abubuwan da ko babba sai ya kau da kai. Sai da safenku.